Wata 15 bai fara tafiya ba, ga ni da ciki: in yaye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana da wata 15, har yanzu bai fara tafiya ba. Ko rarrafe bai yi ba, jan gindi yake yi, amma yana kama kujera ya miƙe. 'Yar facalata ta taka tun tana wata goma. Ga shi kuma na gane ina da ciki na wata biyu. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce nonon ciki ne ya kashe masa ƙafa, in yaye shi a kai mata. Babansa ya ce zai sayo masa keken koyon tafiya. Kwanan baya ya yi zawo aka ce haƙori ne. Don Allah mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana shi, ke kuma Allah ya raba lafiya.

Bari in fara sauke miki abin da ya tokare miki ƙirji kafin mu shiga dogon zance. Yaron da yake kama kujera ya miƙe da kansa yana wata 15, ƙafafunsa biyu suna ɗaukarsa, bai makara ba tukuna. Nonon da kike ba shi bai kashe masa ƙafa ba, cikin da kike da shi kuma bai wajabta yaye ba. Kuɗin keken ma a adana shi, zan gaya miki inda ya fi kamata ya tafi. Sai dai ban ga yaron da idona ba, kuma a shekaru fiye da ashirin da na yi ina jinyar ƙananan yara na koyi kada in yi saurin cewa "ba komai". Don haka zan bayyana miki abin da nake dubawa idan an kawo mini irinsa, ki fara dubawa a gida, sannan ki kai shi a duba.

Maganar 'yar facalarki ita ce mafi sauƙi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowanne ya kai wani mataki. Zama ba tare da an tokare yaro ba, an samu daga kusan wata huɗu har zuwa wata tara da 'yan kwanaki. Tafiya ba tare da riƙo ba, daga wata takwas har zuwa wata 17 da rabi. Duba faɗin wannan tazara, kusan wata goma cur, kuma duk yara ne lafiyayyu. 'Yar facalarki tana wajen farkon tazarar, naki zai faɗo wajen ƙarshenta, duk a cikin gida ɗaya suke. Ranar da za su shiga firamare ba malamin da zai iya nuna miki wanda ya riga wani takawa. A binciken nan, kusan huɗu cikin kowane yara ɗari ba su yi rarrafe ba sam, sun tsallake shi suka tafi abinsu.

Jan gindi kuwa shi ne ya fi kwantar mini da hankali a duk wasiƙarki. Masu jan gindi sun saba jinkirin tafiya, da yawansu sai sun kai wata 18, wasu har kusa da shekara biyu. Dalilin a fili yake idan kin zauna kin kalle shi. Mai rarrafe kansa a ƙasa, hannayensa biyu a ƙasa, idan yana son ya ga abin da ke kan tebur ko ya ɗauki abu ya tafi da shi, dole ya miƙe. Mai jan gindi a zaune yake ɗaram, yana ganin kowa, ga hannu ɗaya riƙe da ƙosai, yana isa duk inda ya ga dama. Me zai yi wa gaggawa? Kuma abin yana bin jini. Ki samu lokacin da Hajiya take cikin raha ki tambaye ta, cikin ladabi, wata nawa babansa ya yi kafin ya taka, kuma rarrafe ya yi ko jan gindi. Ki tambayi mahaifiyarki ma game da ke. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to idan barewar ma jan gindi ta yi fa? Sau da yawa a ɗakin awo kaka ce da kanta take warware zancen, ta ce ai ubansa ma sai da ya kusa yaye ya taka.

Idan aka kawo mini yaro mai wannan shekarun, ba na fara taɓa shi. Lokacin ƙiwa ne, da na miƙa hannu zai ɓarke da kuka ya maƙale wa uwa, shi ke nan an tashi aiki. Sai in ce uwar ta sauke shi a tabarma, ta cire masa takalmi da dogon wando. In ajiye makullaina a kan benci, ɗan nesa da shi, in kau da kai in ci gaba da hira da uwar ina satar kallo. Minti biyu ba ya cika sai ya nufi makullan. A nan nake ganin kusan komai. Ina duba ko ƙafafun biyu suna aiki daidai wa daida ko yana jan ɗaya. Idan ya kama bencin ya miƙe, tafin ƙafarsa ya sauka shimfiɗe a ƙasa, ko kullum a kan yatsu yake ƙafar ta sandare? Idan na matsar da makullan gefe, yana bin bencin yana taka gefe-gefe? Idan ya gaji, yana durƙusawa ya zauna da dabara ko faɗuwa yake kamar buhu? Sannan da wane hannu yake ɗauka, domin yaron da tun bai cika shekara ba yake amfani da hannu ɗaya kawai, ɗayan a dunƙule, yana bukatar a duba shi. Ki yi masa wannan gwajin yau da yamma, da wayarki ko da murfin tukunya, duk abin da ya fi so.

Abin da zai sa in ce kada ki jira wata 18, ki tafi asibiti a wannan makon, shi ne idan kin ga ƙafafunsa suna sandarewa suna harɗewa kamar almakashi in an ɗaga shi, ko jikinsa ya yi laushi tiɓis yana zamewa daga hannu, ko ɓari ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wanda ya fi duka nauyi shi ne yaro ya iya abu sannan ya daina, a ce da yana miƙewa yanzu ba ya yi, da yana kiran Baba yanzu ya yi shiru. Jinkiri ana iya ba shi lokaci, komawa baya ba a jira da shi. Haka kuma duk ƙafar da ta saki farat ɗaya, a kai shi ranar, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ta daji, amma har yanzu ana bin diddigin duk yaron da ƙafarsa ta shanye kwatsam, kuma akwai dalilin hakan.

Akwai kuma tambayoyin da ba ki amsa ba a wasiƙarki, za a yi miki su. Watanninsa sun cika aka haife shi? Bakwaini ana cire masa watannin da ya yi saura a lissafi har ya kai shekara biyu, don haka wanda aka haifa saura wata biyu, in ya kai wata 15 a matsayin ɗan wata 13 muke auna shi. Ya yi kuka da ya faɗo ko sai da aka sha fama? Ya yi shawara mai tsanani a makon farko, har ido da tafin hannu suka yi ɗorawa? Ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin da ya kai ga jijjiga? Hannu da ƙafa sun taɓa kumbura yana ta kuka, abin da ke sa mu gwada sikila? Idan duk amsar a'a ce, hankalina ya ƙara kwanciya.

Sai ƙashi da jini. A ƙasarmu mai rana haka, mutum zai ɗauka ba za a samu ciwon laushin ƙashi ba, wanda likitoci ke kira rikets, tunda hasken rana ke sa fata ta haɗa bitamin D. Amma akwai shi, kuma wani bincike da likitoci suka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a yaranmu babban tushensa ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abinci: yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Abincin da kusan duk masara ce da gero da dawa, ba nono ba kifi, shi ke jawo shi. Ki shafa wuyan hannunsa ki ji ko ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata, ki shafa ƙirjinsa ki ji ko akwai ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Ɗan lanƙwasar ƙafa a wannan shekarun ba komai ba ne, yawancin yara suna da shi kuma yana miƙewa, sai in ya yi yawa ko yana ƙaruwa. Ki kuma ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannu. Idan sun yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa, kuma yaro mai ƙarancin jini ba shi da kuzarin da zai yi ta faɗuwa yana tashi, wanda shi ne koyon tafiya.

Yanzu ga maganar Hajiya, kuma a nan zan daɗe, don ita ce za ta iya yi wa yaron illa idan aka yi kuskure.

Ki sani Hajiya ba da mugunta ta faɗa ba. Ta ga yara da idonta, uwa ta yi kwanika, bayan 'yan watanni yaro ya rame, ya daina wasa, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. Abin da ta gani gaskiya ne. Inda aka samu kuskure shi ne wajen gano mai laifin. Wata likita mai suna Cicely Williams, da ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana wannan ciwon a 1933, bayan shekara biyu kuma ta shigar da sunan da mutanen Ga na Akra ke kiransa da shi cikin littattafan likitanci: kwashioko, ciwon da ke kama yaro idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. Kin ga su ma sun lura da abin da iyayenmu suka lura da shi. Abin da ta gano shi ne yaran nan an raba su da nono an mayar da su kan kunun masara zalla. Ba nonon da yaro ya sha ne ya cuce shi ba, nonon da aka hana shi ne, aka kuma maye gurbinsa da abin da bai kai ba.

Ba zan manta da wata yarinya 'yar wata 19 da kakarta ta goyo ta kawo mana ba. Ƙafafunta sun kumbura suntum, na danna babban yatsana a bayan ƙafar na ƙirga uku, na ɗaga, ramin ya zauna. Kakar tana cewa, "Ai na faɗa musu, nonon ciki ta sha." Na ce, Iya, yaushe aka yaye ta? Ta ce wata biyu ke nan, ranar da aka gane cikin aka kawo mata ita. Yaushe kumburin ya fara? Mako biyu. Me take ci? Koko da safe, tuwo da rana in ta yarda, ga shi tun da aka raba ta da uwar ba ta son cin komai sai kuka. Na ce, to Iya, lokacin da take shan nonon tana tafiya? Ta yi shiru, can ta ce har gudu take yi. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma ita ce ta kwana da yarinyar har aka sallame su, kuma ita ta fi kowa kiyaye lokacin ba ta madarar asibiti.

Nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne wajen wata huɗu zuwa biyar na cikin yana raguwa, ɗanɗanonsa yana canzawa ya ɗan yi gishiri-gishiri, yara da yawa da kansu suke sakinsa a lokacin. Kan nono kuma yana yin zafi, wannan ke ce za ki ji. A shekara ta biyu nono yana iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake bukata, ga kariya daga cuta, kuma in ba shi da lafiya ya ƙi abinci, nonon ne kawai yake karɓa. Ki lissafa ma ki gani: yana wata 15, saura wata bakwai ki haihu, ranar sunan ƙaninsa yana wata 22, ya kusa cika shekara biyun da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Akwai kuma hadisi a Sahihu Muslim inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma da shayarwa da ciki. Wannan fagen malamai ne, maigidanki ya tambaye su, amma na ga ya kwantar wa iyaye da yawa hankali fiye da duk bayanina.

Inda za a ce ki dakata da shayarwa shi ne idan kina zubar jini, ko kin taɓa ɓari fiye da sau ɗaya ko haihuwar bakwaini, ko aka ga tagwaye ne, ko ke kanki kina ramewa jininki ya yi ƙasa sosai. Wannan a wajen awon ciki za a yanke, don haka ki fara zuwa awo yanzu, ki gaya musu kina shayarwa, ki riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini, ki ƙara cin abinci, don baki uku kike ciyarwa. Ko da an ce ki yaye, a yi shi sannu a hankali cikin makonni, a fara janye na rana a bar na dare, yana gabanki. Shafa abu mai ɗaci a nono a ɗauke yaro dare ɗaya a kai shi wani gida, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda, shi ne ke sa yara ƙin abinci.

Kada ke ki tunkari Hajiya da wannan, ba wurinki ba ne, kuma ko kin fi ta gaskiya za a ce kin yi rashin kunya. Ɗanta ne zai yi mata magana. Abin da ya fi ma, ku roƙe ta ta raka ki asibiti ranar awon yaron. Mun saba, mun san yadda ake yi da kakanni, kuma abin da ta ji da kunnenta daga bakin mai farin kaya ita za ta koma gida tana faɗa wa wasu. A ba ta aikin da take so ma: ita ce mai kula da kwanon abincinsa.

Kuɗin keken nan, a sayi ƙwai da busasshen kifi da waken suya da gyaɗa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi ɗaya ba, don haka idan kika cika shi da tsinkakken koko kin cika shi da ruwa. Kunu ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai tsiyaye ba. A soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa, a riƙa dama masa, a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. A daka busasshen ƙananan kifi har da ƙayarsa ya yi laushi a zuba masa a miya, nan kalsiyam yake, haka kindirmo da awara da zogale da kuka. Hanta ko sau ɗaya a mako, ƙwai gwargwadon hali, kuma zancen wai ƙwai yana sa yaro sata a bar shi a inda aka ji shi. Gwanda, mangwaro, kabewa, duk abin da ke kasuwa a lokacin. Ya ci abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Shayi ba abincin yaro ba ne, yana ma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna da shi. A gidan yawa, ɗan wata 15 da aka haɗa kwano ɗaya da 'yan shekara huɗu da biyar, kafin ya kai loma biyu baki an suɗe.

Shi keken, irin mai zagaye da ƙafafun taya da ake zura yaro a ciki, ba ya koyar da tafiya. Yaro yana rataye ne a ciki yana tura ƙasa da yatsu, ba ya ganin ƙafarsa, ba ya koyon daidaita jiki, ba ya koyon faɗuwa. Sannan yana ba shi gudu da tsawon da hankalinsa bai kai ba, ya isa murhu ko tukunyar ruwan zafi ko bakin matakala kafin ki juyo. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. In dai babansa ya matsa sai ya sayi wani abu, gara irin na katako mai taya uku da kafintocinmu ke yi, wanda yaro ke tsayawa a bayansa ya tura, shi ma a fili mai laushi, da babba a kusa. Kujerar roba ko kwali da aka sa wa ɗan nauyi ma suna yin wannan aikin kyauta.

Abin da ya fi bukata shi ne ƙasa. Goyo ba ya lanƙwasa ƙafa, ba ya hana tafiya, ni ma a baya na raini nawa. Amma ki ƙirga gaskiya, awa nawa yake yi a bayanki ko a hannun 'yan gida a rana? Ɗan fari a gidan yawa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa, in ya nuna abu kafin ya motsa an miƙo masa. Ki share wuri, ki shimfiɗa tabarma, ki sauke shi ba takalmi, don tafin ƙafa da yatsu su ji ƙasa. Ki jera kujera da akwati da bakin gado da 'yar tazara tsakaninsu, ki ɗora abin da yake so a sama maimakon ƙasa. Ki durƙusa gabansa taku biyu ki miƙa hannu kina yi masa ta-ta-ta. In ya faɗi a kan gindinsa kada a yi salati a ruga, fuskarki yake kallo ya san ko abin kuka ne. Kafin ki sake shi kuma ki zagaya gidan da ido: bokitin ruwa a buɗe, bakin rijiya, kananzir ko fiya-fiya da aka zuba a robar lemo, wayar caji. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin bokiti ba.

Zawon da aka ce haƙori ne, ba haƙori ba ne. Fitar haƙori tana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, iyakarta ke nan. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne haƙori yana fara fitowa wajen wata shida, daidai lokacin da kariyar da yaro ya samo daga uwa take raguwa, ya fara cin abinci, ya fara kai komai baki. Kuma haƙoran yarinta ashirin ne, suna ta fitowa har kusan shekara uku, don haka duk ranar da yaro ya yi ciwo za a samu haƙorin da za a ɗora wa laifi. Na ga yaran da aka zauna da su a gida kwana huɗu ana cewa haƙori ne, ashe zazzaɓin cizon sauro ne. Zawo, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana goma, a ci gaba da nono da abinci. Zazzaɓi, a gwada jini. Maganin haƙori na kwalba kuwa ba ya cikin abin da nake ba kowa shawara. Waɗanda suka yi aiki a 2008 ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da aka samu gurɓatacce da wani sinadari mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu.

Ba ki ce komai game da bakinsa ba, ni kuwa na fi son in ji wannan fiye da ƙafar. A wata 15 ina so in ga yaro yana juyowa in an kira shi, yana nuna abu da yatsa ya kalle ki, yana gane "zo" da "kawo" da "ina Baba?", yana da kalma ɗaya zuwa uku ko da gwaranci ne, in dai kullum abu ɗaya yake nufi da ita. Yaron da yake yin waɗannan, ga hannu yana tsintar ƙwayar shinkafa da yatsa biyu, jinkirin ƙafarsa kaɗai ba ya ba ni tsoro. Na san ɗan fari ne, na san akwai kunya, ba za ki kira sunansa ba, ba za ki yi masa wasa gaban surukai ba. Ban ce ki yar da al'ada ba. Amma in kun shiga ɗaki ku biyu, ki yi masa magana har ki gaji: ga ruwa, ga cokali, bari mu sa riga, wa ya zo? Ki yi masa waƙa, ki jira ya amsa da nasa yaren. Waya da talabijin ba sa yin wannan aikin, kunna masa katun don ya yi shiru ba ya koya masa magana.

Wata 15 daidai yake da lokacin allurar ƙyanda ta biyu a tsarin rigakafi na Najeriya, wadda iyaye da yawa ke mantawa da ita don sun ɗauka an gama a wata tara. To ga dalilin fita, ba sai an ce kin kai ƙarar kowa ba. Ki ɗauki katinsa, ki ce a ɗora shi a sikeli a duba layin nauyinsa ko yana hawa, a auna dantsensa da tef ɗin nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya a ƙara kula, ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ke bukatar magani nan take. Ki ce a duba jininsa, ki kuma faɗi maganar tafiyar da bakinki, kada ki jira a tambaye ki, layi yana da tsawo. Idan komai ya yi daidai, ki sa alama a ranar da zai cika wata 18. In ta zo bai saki hannu ya taka ba, ko da yana jan gindi, ko da babansa ma haka ya yi, a kai shi wajen likitan yara, don a lokacin akwai gwajin ƙugu da na ƙarfin tsoka da ake yi, musamman ga ɗa namiji. Kafin ku tafi ki ɗauke shi bidiyo a waya yana jan gindinsa yana kama kujera, don in ya ga farin kaya ba lallai ya yarda ya sauka daga cinyarki ba.